Kajin da aka yi watsi da su a gona: ta ina ake fara kula da su?

Maijidda:
Assalamu alaikum. Wata gonar kaji masu ƙwai ta daina aiki, mai ita kuma ya bar ragowar tsuntsayen ba abinci sosai, har na roƙe shi ya amince na kwashe su. Akwai kaji goma sha huɗu, da agwagi biyu, da talo-talo ɗaya. Yawancin kajin duk gashin wuya da na ƙirji ya zube, faratansu sun yi zaƙo-zaƙo, wasu ma ba sa iya tsayuwa na dogon lokaci. Niyyata su zauna a wurina har ƙarshen rayuwarsu. Ina da kaji shida masu lafiya tun da farko, shin zan iya haɗa su, kuma me ya kamata in fara yi?

Ɗan Akurki:
Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri. Kada ki haɗa su yanzu. Ki killace sababbin a wani wuri daban na tsawon kwana 30, da mazubin ruwa da na abinci nasu su kaɗai, ki riƙa fara duba kajinki na asali kafin ki shiga wurinsu, sannan ki sauya takalmi ki wanke hannu idan kin fito. Cutar Niyukasil da murar tsuntsaye suna bin takalmi da kayan aiki, kuma kazar da ta fito daga wahala tana iya ɗauke da cuta ba tare da an gani ba. Idan kika ga suna mutuwa ba zato, ko fuska ta kumbura, ko wuya ya murɗe, ki kira likitan dabbobi nan take.

Game da abinci, tausayi yana sa mutum ya cika musu mazubi, amma tsuntsun da ya daɗe da yunwa ruwa yake fara buƙata, sannan abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Ki ba su irin garin abincin da suka saba ci a keji, domin da yawansu an datse musu baki tun suna 'yan tsaki, tsintar ƙwayar hatsi a ƙasa tana yi musu wuya.

Inna Mai Agwagi:
'Yar'uwa, ina so in ƙara bayani a kan waɗanda ba sa iya tsayuwa, domin nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kazar da aka ƙirƙiro irinta don ƙwai tana yin kusan 300 a shekara, kuma kowane ɓawon ƙwai sinadarin kalsiyam yake ci, wanda idan abinci bai wadatar ba jiki yakan zare shi daga ƙashi. Shi ya sa ƙashinsu yake da saurin karyewa, musamman na ƙirji. Idan za ki ɗauke ta, ki sa hannu biyu ki rufe fukafukanta ki tallafi ƙirjin, kada ki kama ta ta ƙafa. Sandar da za su hau da dare ta kasance kusa da ƙasa, ki kuma ajiye niƙaƙƙen ɓawon kawa a wani mazubi daban su ɗiba da kansu.

Ki ɗaga gashin da ke kusa da dubura ki duba ƙwarƙwata da ƙwayayenta, ki kuma duba tafin ƙafa ko akwai baƙin tabo mai kumburi. Kada ki damu idan kika buɗe ƙofa suka ƙi fita. Kazar da ba ta taɓa taka ƙasa ba takan tsaya cak tana ɗaga ƙafa ɗaya, daga baya sai ki tarar da ita kwance a busasshiyar ƙasa tana birgima tana watsa ƙura cikin gashinta, ba wanda ya koya mata.

Agwagin kuwa a ba su ruwa mai zurfin da za su iya tsoma kai gaba ɗaya, don da shi suke wanke ido da hanci, amma a nesa da makwancin kaji saboda laima.

Malam Tanko:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, sai dai ni ban yarda a haɗa talo-talon da kajin ba ko bayan killacewar. Akwai cutar da ke lalata hantar talo-talo, wadda tsutsar hanjin kaji take ɗauke da ita. Kaji sukan jure, shi kuwa yakan mutu.

Sannan, Malama, ki yi lissafi tun yanzu. Gonaki sukan sallami kaji masu ƙwai suna da mako 72 zuwa 80, alhali kaza tana iya ƙara shekaru a raye, kuma ire-iren waɗannan sukan kamu da ciwon mahaifar ƙwai da ke buƙatar likita. Ƙungiyar British Hen Welfare Trust, mai ceto kajin da gonaki suka sallama, da aka kafa a Birtaniya a 2005, ba ta tara kajin a wuri ɗaya, raba su take yi ga gidajen da za su riƙe kaɗan-kaɗan. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da mutum ɗaya, domin da zarar an ji kina karɓa, za a fara kawo miki wasu, musamman zakarun da ba a so. Ki yanke adadin da filinki da aljihunki za su ɗauka, ki kuma nemi mutum biyu ko uku amintattu da za su karɓi wasu daga cikin kajin bayan sun murmure.