Ƙwallo ta bugi bango ta dawo: me ya sa 1.6 ba ita ce amsar ba?

Ɗalibin aji ɗaya ya rubuta:

Assalamu alaikum malamanmu da 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai tun gwajin fiziks da muka yi makon jiya, har yanzu ban gamsu ba.

Ga ta: ƙwallo mai nauyin kilogiram 0.4 tana gudun mita 10 a sakan, ta bugi bango kai tsaye, ta dawo da gudun mita 6 a sakan. Haɗuwarta da bangon ta ɗauki sakan 0.01. A nemo imfols ɗin da bango ya ba ta, da matsakaicin ƙarfin da ya tura ta da shi.

An koya mana momentom shi ne nauyin abu sau gudunsa, imfols kuma shi ne sauyin da aka samu a momentom. Sai na ce kafin bugu 0.4 sau 10, wato 4. Bayan ta dawo 0.4 sau 6, wato 2.4. Na cire wannan daga wancan, na samu 1.6. Da aka dawo mana da takardu na tarar an soke da jan biro, an rubuta 6.4 a gefe, babu ko kalma ɗaya ta bayani. Na gane 4 da 2.4 aka tara. To ta yaya ake samun sauyi da tarawa? Gudun ƙwallon fa raguwa ya yi, daga 10 zuwa 6. Ba makin ne ya dame ni ba, ina so in san dalili, don idan na haddace kawai, gobe aka sauya tambayar zan sake faɗawa.

Malamin fiziks ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi daidai da ka ƙi haddacewa. Ajiye biro tukuna, mu kalli bangon.

Aiki biyu ya yi a cikin wannan ɗan ƙiftawar idon. Ƙwallo ta zo, ta lotsa a jikinsa har ta tsaya cak. Nan ya karɓe momentom ɗinta gaba ɗaya, 4. Da a nan ya tsaya, da ƙwallon ta zame ta faɗi gindin bango. Amma bai daina turawa ba, ya ci gaba har ta miƙe daga lotsewar ta koma inda ta fito da 2.4. Turawar farko da ta biyu duk jiha ɗaya suka fuskanta, wato daga bango zuwa waje. Shi ya sa suke haɗuwa su zama 6.4.

A takarda kuwa, cirewar da ka yi ita ce dai ake yi, abin da ka manta alkibla ce. Momentom yana da inda ya dosa. Idan ka ɗauki zuwa bango a matsayin +, dawowa dole ta zama −. Na ƙarshe a cire na farko: (−2.4) − (+4) = −6.4. Alamar ragin tana gaya maka turawar baya ta yi. Ita 1.6 ɗinka amsa ce ta wata tambayar daban: ƙwallon da ta fasa labulen takarda ta wuce gaba da mita 6 a sakan.

Sai ƙarfi. Imfols shi ne ƙarfi sau lokaci, don haka 6.4 a raba da 0.01, niyuton 640 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi). Kusan nauyin mutum mai kilo 65 ke nan, a kan ƙwallon da ba ta kai rabin kilo ba. Da curin laka ne mai wannan nauyi da wannan gudu ya manne a bango cikin wannan lokaci, niyuton 400 za a samu. Abin da ya yi tsalle ya dawo ya fi wanda ya manne bugun bango.

Kada ka ji kunyar kuskuren nan. Masanin Faransa Descartes ma a 1644 ya auna yawan motsi da girman abu sau gudunsa ba tare da alkibla ba, kuma mafi yawan ƙa'idojin karo da ya kawo ba su yi daidai ba. Sai a 1668 zuwa 1669 masana Wallis da Wren da Huygens suka gyara lamarin, kafin Newton ya fitar da dokokinsa uku a 1687.

Tsohon gola ya ƙara:

Malam ya gama magana a kan alkibla, ni lokacin nan na sakan 0.01 nake so ɗan'uwa ya kula da shi, don a tafin hannuna na fara saninsa kafin in gan shi a allo.

Na yi shekaru ina tsaron raga. Farkon farawata, in aka dako shot sai in miƙe hannuwa in sandare su, ƙwallon ta faɗo kamar dutse, tafin ya yi ja, yatsu su kwana suna zogi, sau da yawa ma ta kuɓuce. Daga baya aka koya mini in tarbe ta a gaba in janyo ta zuwa ƙirji, gwiwar hannu tana lanƙwasa. Ƙwallo ɗaya, gudu ɗaya, momentom ɗin da zan kashe bai ragu da ko ɗigo ba. Lokacin tsayawar kawai na tsawaita. In ka ninka lokacin sau biyar, ƙarfin da ke faɗa wa hannunka ya koma kashi ɗaya cikin biyar.

Haka waya take tsira in ta faɗa kan katifa, ta fashe a kan siminti. Mota ma haka. Mutum mai kilo 70 a gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a sakan, momentom ɗinsa 1,400 ne. Ya tsaya cikin sakan 0.01, niyuton 140,000. Ya tsaya cikin sakan 0.1, niyuton 14,000. Wannan 'yar tazarar ita bel da jakar iska da gaban motar da ke lotsewa suke nema wa mutum.

Ɗalibin aji ɗaya ya dawo:

Allah ya saka da alheri, Malam, kai ma Yaya na gode. Maganar aiki biyu ta shige ni sosai. Amma ta haifo mini wata. An ce momentom ba ya ɓacewa a karo. Ƙwallo ta zo da +4 ta koma da −2.4, bango kuwa yana nan bai motsa ba. Ina 6.4 ta tafi?

Malamin fiziks ya amsa:

Bangon ya karɓa. Yadda ya tura ƙwallo haka ita ma ta tura shi, ƙarfi ɗaya, lokaci ɗaya, dokar Newton ta uku ke nan. Sai dai bango yana kafe a ƙasa, don haka duniya ce gaba ɗaya ta ɗauki +6.4. Nauyinta kusan kilogiram 6 × 10²⁴ ne, in ka raba za ka samu gudun kusan mita 10⁻²⁴ a sakan, abin da babu na'urar da za ta gani. Tara −2.4 da +6.4, ga 4 ɗinka ta dawo.

Wanda ya ragu da gaske shi ne kuzarin motsi, rabin nauyi sau gudu sau gudu. Da jul ake auna shi: da farko jul 20 ne, bayan bugu jul 7.2. Sauran 12.8 mafi yawansa ya zama ɗumi a jikin ƙwallo da bango, kaɗan ya fita a ƙarar da ka ji. Shi kuzari ba ruwansa da alkibla, a nan cirewarka ta farko take aiki.

Gwada wannan ka kawo mini: ƙwallon nan dai, amma ta dawo da cikakken gudunta na mita 10 a sakan. Nawa ne imfols, nawa ne kuzarin da ya ragu?

Ɗalibin aji ɗaya ya dawo:

Malam, (−4) − (+4) = −8, ƙarfin niyuton 800, kuzari kuwa bai ragu ba, jul 20 ne gaba da baya. Da tsohuwar hanyata sifili zan samu, kamar bangon bai taɓa ta ba. Na zana kibiyoyi biyu a takarda kafin in fara lissafin.