Shin haɗewar kasuwannin duniya ce ta kashe saƙa da rini a ƙasar Hausa?

Jikan Marina: Assalamu alaikum. Maganar da na kawo gabanku ita ce, tun da kasuwannin duniya suka haɗe, kaya suka riƙa ƙetare teku cikin 'yan makonni, al'adar tufafinmu ta kama hanyar mutuwa, kuma yadin China ne ya yi mata kisan mummuƙe. Kakana marini ne. Na tashi na ga hannuwansa shuɗaye har gwiwar hannu, launin da sabulu bai taɓa fitar da shi ba har ya koma ga Allah. Yakan haɗa baba da toka da ruwa a rijiyar rini, ya bar su kwanaki yana motsawa da muciya, kuma da launin kumfar da ta taso yake gane cewa rini ya nuna. Yau wanda ya shiga karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake cewa tun 1498 yake, zai tarar rijiyoyi da yawa sun bushe, alhali a Kantin Kwari ana sayar da yadin da inji ya buga wa irin zanen ɗaurin da matanmu ke yi da zare da allura, a kan kuɗin da ko farin yadi ba zai saya wa marini ba.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, amma ban yarda da hukuncinka ba. Shekara talatin ina haɗa wa mutane lefe, kuma ina tabbatar maka cewa abin da muke kira tufafinmu yawancinsa baƙo ne da ya zama ɗan gida. Atamfa asalinta rinin mutanen tsibirin Java ne a Indonesiya, Turawan Holan suka kwaikwaya da inji, kuma kamfanin Vlisco da ke yin Holan ɗin da amare ke alfahari da ita tun 1846 yake a garin Helmond. Shaddar Getzner daga Ostiriya take zuwa, leshi mai tsada kuma daga Ostiriya da Suwizalan. Duk da haka, wa zai ga Bahaushe cikin babbar rigar shadda ranar Juma'a ya ce ya bar al'adarsa? Abin da China ta yi shi ne ta sa 'yar talaka ma ta sami akwati mai turmi shida, ta fita kunyar dangin miji, kuma ni ban ga laifin wannan ba.

Malamin Tarihi: Hajiya ta yi gaskiya a rabin zance, sauran rabin kuma yana hannun Jikan Marina. Kano ba ta taɓa zama a rufe ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa a rina a Kano suna kaiwa Timbuktu da Ghat da Tarabulus, kuma ta waccan hanyar ta Sahara alharini ke shigowa ana yi wa riguna aiki da shi. Saboda haka cuɗanya da duniya tsohuwar aba ce, sai dai a wancan zamani mu ne masu sayarwa. Lamarin ya fara juyawa tun kafin a san da China a wannan kasuwa, domin kamfanin BASF na Jamus ya fitar da shunin kanti a 1897, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911 ya buɗe wa yadin Manchester ƙofa. Daga baya gwamnatin Sardauna ta kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957 tare da wani kamfanin Ingila, ita ma ta ci kasuwar masaƙan hannu. Wanda ya ɗora wa China laifin duka ya tsallake kusan shekara ɗari.

Baba na Kakuri: Malam, tarihinka daidai ne, amma ni a jikina na ji. Na yi shekara ashirin da biyu a wata masaƙa a unguwar Kakuri ta Kaduna, kuma idan aka busa jiniyar canjin aiki, kekuna sukan cika titi har mota ta rasa wurin wucewa. Audugar Funtuwa da Gusau muke kaɗawa, masu zanenmu 'yan ƙasa ne, sun san launin da matan Arewa ke so da wanda ba za su taɓa ɗaurawa ba. Abin da na gani da idona shi ne, mu fitar da sabon zane, bayan 'yan watanni ya dawo kasuwa daga waje da irin tambarinmu a gefen zanen, a kan rabin kuɗinmu. Ba zan ɓoye namu laifin ba: wuta ba ta tsayawa, baƙin mai ya yi tsada, injinanmu sun tsufa tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Amma China ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, aka cire ƙayyade cinikin tufafi tsakanin ƙasashe a farkon 2005, kuma cikin 'yan shekaru Kakuri ta yi tsit. Wanda aka haɗa dambe da wanda ya fi shi ƙarfi, aka kuma ɗaure masa hannu, ba a ce ragonta ce ta kayar da shi ba.

Ɗan Maraɗi: Baba, Allah ya ƙara girma. Mu nan shaidu ne, domin dilolin yadi da yawa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka riƙa biyowa ta garinmu kafin su tsallaka iyaka zuwa Najeriya. Amma ina so Jikan Marina ya duba Arewa da mu. Buzayen Agadas har gobe suna girmama turkuɗin da ake rinawa a buga a Kura, wanda shuninsa ke zuba a fatar mai rawani, kuma ba su ɗauki na inji a matsayinsa ba, ko da talauci ya tilasta wa wani saye. Inda mai saye ya san abin da yake nema, sana'a ba ta mutuwa da wuri.

Jikan Marina: Na karɓi gyaran Malam, kuma na janye cewa China ce kaɗai. Amma Hajiya, labarin atamfar da kika kawo ni yake goya wa baya. Mutanen Java ba su karɓi kwaikwayon Holan ba, suka riƙe rininsu na hannu, shi ya sa aka karkato da kayan zuwa Afirka ta Yamma, kuma a 2009 hukumar UNESCO ta sa wannan rini nasu cikin gadon al'adun duniya. Mu kuwa mun riƙe siffar riga mun saki ilimin da ke cikinta. Babbar riga tana nan, amma masu iya zana aska takwas su ɗinke ta da hannu cikin watanni suna ƙarewa, haka masu saƙa saƙi da luru da gwado, haka mabugan da ke sa kore ta yi ƙyalli. Yadi ana iya sayo shi daga ko'ina, amma sanin yadda ake tayar da rijiyar da rininta ya mutu, idan tsohon da ya iya ya rasu bai koyar ba, babu jirgin da zai kawo mana shi.

Hajiya Mai Atamfa: Wannan kam ta shige ni, ɗana, amma kada a ɗora wa mace mai 'ya'ya biyar nauyin raya karofi da kuɗin cefanenta. Masu hali ne ya kamata su fara, waɗanda ke biyan kuɗi masu yawa a kan shadda yadi goma ba tare da sun taya ba. Gana ta ware Juma'a tun 2004 domin ma'aikata su riƙa sa tufafin gida, ko da yake su ma kwaikwayon da inji ke yi wa kente, saƙarsu ta gargajiya, bai bar kasuwarsu ba. Ni dai ina da lefe biyu a hannu kafin azumi, kuma zan nuna wa iyayen angwayen zanen rini su sa ko da ɗaya a kowane akwati. Ka turo mini marinin da ka amince da aikinsa, wanda rininsa ba ya zuba a wankin farko, ka kuma gaya masa tun yanzu cewa sai na jiƙa gefen zanen a gabansa kafin in biya.