Neman shawara: a-kori-kurar da aka ƙara wa ƙarfi a Amurka, ko fetur ɗinmu zai ɗauke ta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na sayi Ford F-150 ƙirar 2015 mai injin EcoBoost lita 3.5, wadda aka shigo da ita daga Amurka. A aljihun gaba na tarar da wata 'yar na'ura da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, kuma allonta ya nuna cewa mai motar na farko ya sauya tsarin ƙwaƙwalwar injin zuwa na fetur mai lamba 93. Idan na yi lodin buhuna na taka totur a Hawan Kibo, ina jin wata ƙara ƙas-ƙas daga injin. Shin in bar tsarin in riƙa zuba maganin ƙara oktan, ko in sauya shi?

Malam Sani Bakanike: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka fara sanin cewa 93 ɗin Amurka ba 93 ɗinmu ba ce. Su suna haɗa ma'aunin oktan (wato juriyar fetur ga fashewa da kansa) guda biyu, RON da MON, su raba biyu, alhali mu RON kaɗai muke bi. Saboda haka 87 ɗinsu tana daidai da kusan 91 a lissafinmu, 93 ɗinsu kuwa tana kaiwa wajen 98, kuma gidajen manmu aji ɗaya suke sayarwa, wanda ya fi kusa da 87 ɗin. Tsarin da ke kan motarka yana ƙara matsin turbo, yana kuma sa fulogi ya kunna wuta da wuri; idan man bai jure ba, sai ragowarsa ya fashe da kansa a cikin silinda, wannan ce ƙarar da kake ji. Akwai na'urar da ke sauraron ƙarar ta ja taimin (lokacin kunna wutar fulogi) baya, amma tana da iyaka, kuma idan aka wuce iyakar, fistin ne zai biya. Ka mayar da tsarin kamfani tun kafin lodi na gaba.

Injiniya Musa: Na yarda da Malam Sani, sai dai irin waɗannan na'urori galibi suna zuwa da tsarin 87 ma. Alhaji ya duba, domin zai iya samun ɗan ƙarin ƙarfi ba tare da neman mai na musamman ba.

Malam Sani Bakanike: Injiniya, da a ce ingancin man bai canzawa, da ban ƙi ba. Amma direban da mai ya yanke masa a hanya ya sayi na bumburutu fa, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga kaya? Ford da kanta ta ce motar na shan 87 ɗin Amurka, amma ta fi son 91 ɗinsu ko sama idan ana jan nauyi ko ana zafi. Tsarin kamfani ne ya fi barin sarari ga man da ba a tabbatar da shi ba.

Hajiya Binta: Game da maganin, Alhaji, ka karanta kwalbar da kyau. Da yawa idan sun ce suna ƙara maki biyar, rabin lamba ɗaya suke nufi, ba za su kai ka daga 91 zuwa 98 ba. Kuma ka adana na'urar, domin tsarin asali na motarka a cikinta yake.