Ina son kama sana'ar shirya wa mutane takardun haraji a Abuja, ta ina zan fara?

Ɗan Kubwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na kammala babbar difloma a fannin akanta, na gama bautar ƙasa a nan Abuja, amma aikin ofis bai samu ba. Kwanan baya kawuna, mai shagon kayan gini a kasuwar Dei-Dei, ya nemi takardar shaidar biyan haraji saboda wata kwangila, na ga irin safa da marwar da ya yi, kuma maƙwabtansa da dama suna cikin hali ɗaya. Shi ya sa nake tunanin mayar da abin sana'a. Shin takardar da ke hannuna ta isa in buɗe ofis, ko sai na shiga wata ƙungiya tukuna?

Tsohon Akanta ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Takardarka ta isa ka fara koyo, amma ba ta isa ka kafa allo a ƙofar ofis ba. Cibiyar da doka ta ɗora wa kula da sana'ar haraji ita ce CITN, wadda aka kafa a 1982 ta samu dokarta a 1992, kuma tana da jarrabawar da masu digiri da babbar difloma ke rubutawa. Ka yi rajista da ita, sannan kafin ka gama ka nemi ofishin wani gogagge ka zauna a ƙarƙashinsa, ko da abin da zai ba ka bai wuce kuɗin mota daga Kubwa ba.

Dalilina shi ne, rabin wannan aiki sanin wa'adi ne, kuma wa'adi ba ya zama a kai sai wanda ya taɓa kwana a kan fayil. Harajin albashin ma'aikata ana miƙa shi kafin 10 ga wata mai bi, na VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kaya da ayyukan da aka sayar, kafin 21. Mai ɗaukar ma'aikata yana shigar da bayanan shekara kafin ƙarshen Janairu, mutum a karan kansa kafin ƙarshen Maris, kamfani kuwa cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa. Sai kuma sanin ƙofar da za ka ƙwanƙwasa: harajin kamfani da VAT na hukumar tarayya ne, wadda muka sani da FIRS, yanzu ta koma NRS, amma harajin mutum mazaunin Abuja na hukumar FCT-IRS ne. Kawunka, idan sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista ba kamfani ba, nasa yana wajen FCT-IRS. Na ga masu digiri sun kai fayil inda bai dace ba.

Ta wani ɓangaren ka zo a kan gaɓa. Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu a watan Yunin 2025, biyu daga ciki sun fara aiki nan take, sauran biyun a Janairun 2026, saboda haka mu tsofaffin ma karatu muka koma. A ƙarƙashinsu naira 800,000 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba a cire musu komai. Ka samu dokokin ka karanta da kanka, kada ka dogara da abin da ake yaɗawa a WhatsApp.

Hajiya Mai Atamfa ta amsa:

Ni ba akanta ba ce, 'yar kasuwa ce a Wuse, amma irinmu za ka yi wa aiki, don haka ka saurara. Wani ya taɓa karɓar kuɗina da sunan zai biya mini haraji, ya kawo mini takarda mai hatimi, sai da na je neman shaidar shekara uku aka ce babu ko sisi da ya shiga. Na biya sau biyu, ga tara a kai. Tun daga ranar na ɗauki wata yarinya wadda ba ta taɓa kuɗina: ta yi lissafi, ta fitar mini da lambar biya, ni in je banki da ƙafata, ladanta kuma daban. Ranar da ta fara zuwa, rasit ɗina a cikin gwangwanin alewa suke, wasu man shafawa ya ɓata su, ta zauna a kan tabarma ta jera su wata-wata ba tare da ta yi mini kallon jahila ba. Shaguna biyar na kai ta a layinmu. Idan za ka iya wannan haƙurin, ƙanina, ba sai ka buga talla ba.

Malami daga Jos ya amsa:

Na yarda da Baba Akanta, sai dai ina ganin kada ka taƙaita kanka ga haraji kaɗai. Kamfani ba ya shigar da bayanansa sai da cikakken lissafin shekara, kuma wanda ya iya haɗa wannan lissafi shi ake riƙewa. Ga ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci: ga ICAN, ga kuma ANAN, wadda kwalejinta ta horar da akantoci take nan Kwall kusa da Jos. Ka kuma ƙware a Excel da shafukan intanet na hukumomin, domin yanzu kusan komai ta nan ake turawa, kuma ranar da wa'adi zai cika shafin kan yi nauyi.

Ɗan Kubwa ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, kafin in samu wurin koyon, zan iya fara taɓa takardun kawuna?

Tsohon Akanta ya amsa:

Za ka iya, amma tsarawa kawai. Ka tabbatar yana da lambar TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji, ka karɓo bayanan asusunsa na banki na shekara uku, ka ware kuɗin shago daga na cefane, domin na san a asusu ɗaya suke. In ka gama, ka kai wa mai lasisi ya duba kafin a tura.