Na daina cin Jibin Ubangiji don ina ganin ban isa ba, ina neman shawara

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan majami'armu a zauren nan. Ni ce magatakardar Zumuntar Mata a wurinmu, ni ce kuma mai ba da waƙa. Tun da aka zaɓe ni ban san hutu ba. Littafin rahoto in harafi ɗaya ya karkace, sai na yage shafin na sake daga sama. Lokacin godiyar kaka ni na shiga kasuwa na zaɓo zanen da za mu ɗaura, sai wasu turame suka zo launinsu ya ɗan kwanta. Ba wadda ta lura sai ni. Na biya kuɗin mota daga jakata na mayar, mai shago ya ce sai na yi ciko, na yi. Ranar sujadar kuma mai buga tulu ta riga mu shiga baiti na biyu, jama'a na ta guɗa da rawa, ni ina gaba hawaye na neman zubo mini. Karatun Littafi Mai Tsarki ma haka, in na tsallake safiya ɗaya sai na koma Farawa sura 1, har yau ban wuce Littafin Firistoci, wato littafi na uku, ba. Yanzu abin ya kai duk ranar Jibi, wato ranar da ake cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, sai in fice kamar zan duba yaro, saboda tsoron 1 Korintiyawa 11:29 da ta ce mai ci da sha ba tare da rarrabe jikin Ubangiji ba hukunci yake jawo wa kansa. Akwai kuma wata magana tsakanina da maigida, amma a bar wannan. Matiyu 5:48 ya ce mu zama cikakku. Yaya zan bar wa Allah komai ba tare da na zama mai sakaci ba?

Maman 'Yan Biyu: Wayyo ƙanwata, Marta ce ke sak, wadda hidima ta ɗauke wa hankali alhali 'yar'uwarta Maryamu na zaune tana sauraron Yesu. Buɗe Luka 10 daga aya 38 ki ga wadda Yesu ya yaba wa. Ni da na riƙe ma'aji haka na kashe kaina, ko kuɗin ashana sai na rubuta, ƙarshenta wata ta miƙe a taro ta ce lissafin shinkafar Kirsimeti bai cika ba. Har yau ba ta ba ni haƙuri ba, kuma muna benci ɗaya. Ki ajiye musu littafinsu ki huta.

Baba Dattijo: A'a, kada ku ɓata mana yarinya. 'Yata, abin da kike da shi sunansa himma, kuma ita ce ta yi ƙaranci a ikilisiya yau. A Malakai 1:8 Allah ya tsawata wa masu kawo masa makauniyar dabba da gurguwa, ya ce su gwada kai wa gwamnansu su gani. Bulus ya ce a yi komai bisa tsari, 1 Korintiyawa 14:40. Mu a zamaninmu da fitilar ƙwai muke koyon waƙa har dare ya raba. Yanzu fa? Matasa sai an fara wa'azi su shigo, waya a hannu, mai kiɗa bai zo koyo ba amma shi ne mai ƙure sauti. Ki riƙe aikinki, ki ƙara da azumi. Sai dai maganar Jibi, ki je wurin Baba Pasto tun kafin mutane su fara cewa an sa ki ƙarƙashin horo.

Ɗalibin Tauhidi: Anti, ki karanta surar tun daga aya 20. Laifin mutanen Korinti shi ne kowa na rige-rigen cin nasa, wani na jin yunwa wani ya bugu, ana kunyata marasa shi. Aya 28 cewa ta yi mutum ya gwada kansa sannan ya ci, ba ta ce ya fita waje ba. A daren Jibin farko Yesu ya san Bitrus zai yi musunsa sau uku, bai hana shi gurasa ba. Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, tun kafin 1517, yakan shafe sa'o'i yana furta zunubansa ga limamin da ke shugabantarsa, ya fito ya tuna wani ya koma. Romawa 1:17 ce ta kwance shi, cewa mai adalci ta bangaskiya zai rayu. Karatu kuma, Littafi Mai Tsarki surori 1,189 ne, in kin tsallake yau ki ɗora gobe daga inda kika tsaya.

Baba Dattijo: Ɗana, irin wannan koyarwar ce ta sa kowa ke miƙa hannu ya karɓi ƙoƙo ba bincike. Alheri, alheri, har zunubi ya zama abin wasa. In ka gama makarantar ka riƙe ikilisiya, ka dawo mu yi magana.

Anti Nas: Ni tambayata dabam. Kina samun barci? Gabanki na yawan faɗuwa? Maimaita abu har sai ya yi daidai da tsoron da ba ya barin mutum, wani lokaci damuwa ce da likita ke iya taimakawa a kai, kuma zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Sannan maganar maigidan da kika ce a bari, anya ba ita ce gindin abin ba?

Mai tambaya: Na gode muku duka. Anti, lafiyata ƙalau, barcin ne dai ba ya zuwa da wuri saboda da dare nake gyara rahoto. Maganar gida ba ta shafi wannan ba. Mama, ba zan iya ajiye littafin ba, ba ki san matanmu ba ne. Wadda ta riƙe kafin ni a bayan ambulan ɗin baiko take rubuta rahoto. Ɗan'uwa, na ji bayaninka, amma ai Bitrus bai riga ya yi laifin ba lokacin da ya ci. Ni kuwa na san abin da ke zuciyata.

Maman 'Yan Biyu: To ai ko Musa sai da surukinsa Yetro ya ce masa zai gajiyar da kansa, ya naɗa shugabannin dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. Fitowa 18. Ke ba ki da mataimakiya ne?

Mai tambaya: Akwai, amma rubutunta sai ita.

Baba Dattijo: Kun ji ko? Yarinyar ta san abin da take yi. Zancen likita kuma a bar shi, tsoron Allah bai taɓa zama ciwo ba.

Anti Nas: Baba, da girmanka, ban ce tsoron Allah ciwo ne ba. Mace ba ta barci, tana gudun teburin Ubangiji, kai kuma ka ƙara mata azumi?

Mai tambaya: Don Allah kada a yi faɗa saboda ni. Lahadi mai zuwa akwai Jibi, kuma mu ne da waƙar baiko, ba damar in fita. In na je wurin Baba Pasto, Mama Pasto za ta ji, ita ce kuma mai ba zumuntarmu shawara.

Baba Dattijo: Ku dakata, ina shiga taron dattawa yanzu. In na fito zan ba wa ɗalibin nan amsa a kan Romawa 6.