Tsofaffin taswirorin duniya na zamanin Barok (salon zane mai yawan ado na Turai a ƙarni na 17): mene ne matsayin kwafin da aka yi wa launi da hannu?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar tsofaffin taswirori. Na daɗe ina sha'awar taswirorin duniya da aka buga a Turai a ƙarni na 17, waɗanda ake raba duniya gida biyu a cikin da'irori, a cika gefunan da hotunan mutane da dabbobi da taurari. An nuna mini kwafin taswirar 1630 ta Henricus Hondius, mai zanen taswira ɗan ƙasar Holan, aka ce da hannu aka yi masa launi, kuma ya burge ni ƙwarai, sai dai abu biyu sun tsaya mini a rai. Ta yaya mutum zai tabbatar da cewa hannu ne ya yi aikin, ba na'ura ba? Sannan na ga an zana Kalifoniya a matsayin tsibiri. Shin bai kamata mai yin kwafi a yau ya gyara irin wannan kuskure ba?

Mai gyaran tsofaffin takardu:

Wa alaikumus salam, malam. Zan ɗauki tambayarka ta farko. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, taswirorin asali ma baƙi da fari suke fitowa daga maɗaba'a. Ana sassaƙa zanen a kan farantin jan ƙarfe, a juye, a cusa tawada cikin layukan, sannan a danna takarda mai ɗan laima a kai da ƙarfi. Launi kuwa sana'a ce ta daban, wadda masu ita suke yi da buroshi, takarda bayan takarda, gwargwadon kuɗin da mai saye ya biya. A Amsterdam an yi gwanaye irin su Dirk Jansz van Santen, wanda har ruwan zinariya yake sa wa aikinsa. Saboda haka wanda ya zauna yau ya yi wa kwafi launi da hannu, hanyar magabatansa ya bi, kuma ni ina ganin girman wannan aiki.

Game da tantancewa, ka sa madubi mai ƙara girma a kan wurin da launi yake. Idan na'ura ce za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo, ko a jere cikin tsari ko a warwatse, alhali launin ruwa da buroshi ya shafa yana kwanciya ne shimfiɗe, ya yi kauri a inda hannu ya tsaya, ya ɗan tsallake layin iyaka a wani wuri, wani lokaci har ka ga sawun gashin buroshin a bakin teku. Idan ka sami kwafi biyu ka jera su, na hannu ba za su taɓa zama daidai da juna ba.

Malamar tarihi:

Malam, a kan tambaya ta biyu ina roƙon kada a taɓa Kalifoniya ko kaɗan. Wannan kuskure ya fara bayyana a taswirori tun wajen 1622, masu zane suka riƙa kwafarsa daga juna fiye da shekara ɗari. Wani ɗan mishan mai suna Eusebio Kino ya yi tafiye-tafiye ta ƙasa a wajen shekarar 1700 ya nuna cewa yankin a haɗe yake da nahiyar Amurka ta Arewa, amma duk da haka ba a daina ba, har sai da Sarki Ferdinand na Shida na Sifaniya ya fitar da doka a 1747 cewa Kalifoniya ba tsibiri ba ce. Wanda ya goge tsibirin, wannan tarihi gaba ɗaya ya goge.

Ka sake duban taswirar da kyau, za ka ga wani ɗan guntun gaɓar teku a kudu da Sabuwar Gini, wanda yanki ne na arewacin Ostareliya da jiragen Holan suka gano ba da daɗewa ba kafin a buga ta. Sauran nahiyar babu ita, domin ba a san mafi yawanta ba. Shekara 18 bayan haka, a babbar taswirar Joan Blaeu ta 1648, sai ga sakamakon tafiye-tafiyen Abel Tasman, matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan, na 1642 zuwa 1644 ya shigo. Da irin waɗannan gibi da cikon ne masana suke gane shekarun taswira da abin da mai ita ya sani. Hatta adon gefe magana yake yi: Hondius ya sa Julius Caesar na Rum, da masana taswira Ptolemy da Mercator, da Jodocus mahaifin shi Hondius, a kusurwoyi huɗu, yana nuna layin da yake ganin ya gada, ya kuma zana wuta da iska da ruwa da ƙasa a matsayin tushen halitta, kamar yadda ilimin lokacin ya ɗauka.

Mai tara taswirori:

Na yarda da malama, ina kuma da gargaɗi guda. Kwafi na gaskiya ba ya ɓoye cewa shi kwafi ne, matsalar tana wajen waɗanda suke rina takarda ta yi kama da tsohuwa don a sayar da ita da sunan ta asali. Ka ɗaga takardar ga haske: takardar ƙarni na 17 tana nuna siraran layuka na ragar da aka yi ta a kai, sau da yawa da tambarin masana'anta a jikinta, domin takarda mai santsi marar layuka sai a wajen 1757 ta fito. Ka shafa gefen zanen, za ka ji ɗan zurfin da bakin farantin ya bari. Taswirar da aka ciro daga kundi tana da ninki a tsakiya, kuma koren launi na da, wanda ake samu daga jan ƙarfe, yakan ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa a bayanta.

Mai tambaya:

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Zan bar wa Kalifoniya tsibirinta. Saura abu ɗaya: yaya zan adana kwafin idan na rataye shi?

Mai gyaran tsofaffin takardu:

Ka nisantar da shi daga hasken rana da bango mai damshi, domin launin ruwa yana saurin koɗewa. Ka sa a yi masa firam da kwali marar sinadarin asid, a bar ɗan tazara tsakanin takardar da gilashi, kuma kada ka yarda a manna bayansa da gam ko salatef.