Wai hotunan James Webb na gaske ne ko haɗawa ake yi?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Jiya a majalisa gardama ta kaure kan hotunan taurarin nan da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ke sakewa, wani ya rantse duk aikin kwamfuta ne, wai shi ko wata ya zuƙo da wayarsa sai ya dawo kamar ƙwan fitila balle abin da ke can ƙuryar sama. Ni dai na ja bakina na yi shiru don ba ni da amsa. Dan Allah wane irin zuƙowa na'urar hangen nesan nan ta James Webb take da shi haka?

Mai Dish:
Malam ai ba zuƙowa ba ce, tarawa ce. Ni sana'ata ɗaura dish, farantin nan da kake gani ba abin da yake yi illa ya tattaro sigina ya harba ta wuri ɗaya kan LNB, ɗan abin nan da ke gaban farantin yana karɓar sigina, shi ya sa da hadari ya haɗu ƙaramin faranti ke fara ɗaukewa babba kuma ya ɗan jure. Akwai na China, FAST, faɗinsa mita 500, shi ma dish ne kawai amma taurari yake saurare ba ƙwallo ba.

Anti Fiziks:
Mai Dish ya gama magana. Kamar tarar ruwan sama ne, mai kofi da mai baho ba ɗaya ba. Madubin Hubble, na'urar hangen nesa da ta riga Webb zuwa sama, mita 2.4 ne, na Webb mita 6.5, gutsure 18 aka haɗa, kuma yakan kafe wuri ɗaya awanni yana tara haske kaɗan-kaɗan, wayar abokinka kuwa ƙyas ɗaya ta gama. Sannan hasken da ya fi kamawa infirared ne, wanda ido ba ya gani. Ɗauki rimot ɗin talabijin ka saita bakinsa a kyamarar waya ka danna, in ta baya ba ta nuna ba gwada ta gaba. To irin wannan hasken duk abu mai ɗumi yana fitar da shi, har ita kanta na'urar, shi ya sa da aka harba ta ranar 25 ga Disamba 2021 aka kai ta nisan kilomita miliyan 1.5 aka yi mata laima mai hawa 5 don kada zafin rana ya makantar da ita.

Ɗan Fagge:
Kai!! Anti wallahi na gwada, wata 'yar wuta ce ruwan hoda take ƙiftawa, yara sun ƙwace rimot ɗin tun ɗazu. Amma fa in ido ba ya gani, kalolin nan daga ina? Kar dai mutumina ne da gaskiya.

Anti Fiziks:
Rabin gaskiya gare shi. Hoton baƙi da fari yake zuwa, ta matatai daban-daban, shi haske kuwa kamar igiyar ruwa yake tafiya, sai a ba mai doguwar igiya ja, mai gajeriya shuɗi, a haɗa. Kalar dai zaɓa aka yi, taurarin kuwa ba wanda ya zana su, suna nan inda ka gansu.

Mai Dish:
Ni madubin ne ya tsone min ido Anti, wai da gaske zinare ne?

Anti Fiziks:
Shafe ne kawai, don yana mayar da infirared sosai. Duka-duka kusan giram 48. Ka cire rai.